Ziyarar filin daga na Gettysburg da inda za ka kafa tanti

Wani ɗan'uwa mazaunin Baltimore a Amurka ya aiko mini da tambaya. Babban ɗansa mai shekara 14 ya karanta labarin yaƙin Gettysburg a makaranta, ya matsa sai an kai shi ya gani da idonsa. Shi kuma uban yana so ya haɗa da abin da iyalin suka daɗe suna marmari, wato kwanan tanti. Tambayarsa uku ce: yini ɗaya zai isa, ana barin mutum ya kwana a cikin filin, in kuma ba a bari, ina ya kamata su sauka da uwargida da yara uku?

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa yaron albarka. Bari in fara da ta tsakiya don ita ce mai gajeriyar amsa. Ba a kwana a cikin filin. Akwai sansani guda a dajin McMillan Woods da ke cikinsa, amma na 'yan sikawut ne da ƙungiyoyin matasa, ba a bai wa iyali. Da rana ta faɗi da ɗan lokaci ake rufe filin gaba ɗaya, kuma masu gadinsa ba sa wasa da wannan. Don haka kwana a waje ne, za mu zo kansa.

Batun yini ɗaya kuwa, in zagayen mota kawai kake so, ya isa har da saura. Daga Baltimore bai wuce tafiyar awa ɗaya da kwata ba, hanyar zagayen filin kuma mil 24 ce mai zango 16, ana gama ta cikin awa uku. Na yi irin wannan a zuwana na farko, na dawo gida da hotunan gumaka da igwogi cike da waya, ban fahimci komai ba. Gumaka da allunan tunawa a wurin sun haura 1,300, igwogi kusan 400, a kan fili mai faɗin eka 6,000. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya ta tagar mota, kafin zango na shida yara sun koma kan waya, kai ma ka fara duba agogo. Abin da ke bayyana yaƙin nan shi ne ƙasar kanta, tudunta da kwarinta da nisan da ke tsakani, kuma wannan sai ƙafa ta taka ake gane shi. Shawarata kwana biyu, yini biyu cikakku, a bi yaƙin yadda ya faru, daga ranar farko zuwa ta uku.

Ka riƙe wannan a kai kafin ka isa. An gwabza daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Janar Robert E. Lee ya tsallako da rundunar Kudu cikin jihar Pennsylvania, Janar George Meade kuma, wanda kwana uku kacal da ba shi ragamar rundunar gwamnatin tarayya, wato ta Arewa, ya tare shi. Sojoji kimanin 165,000 suka haɗu a kan gari mai mutum 2,400. Da aka tashi, waɗanda suka mutu, da masu rauni, da kamammu, da ɓatattu sun kai wajen 51,000, matattu a fagen kimanin 7,000. Za ka ji ana cewa takalma sojojin Kudu suka shigo nema. Labari ne mai daɗin faɗa, amma dalilin haɗuwar a nan shi ne hanyoyi goma da suka haɗu a garin kamar sandunan ƙafar keke. Abin da ke ba yara dariya shi ne, 'yan Kudu ta arewa da yamma suka shigo, 'yan Arewa kuma ta kudu.

Ka fara da cibiyar baƙi da ke kan Baltimore Pike, wadda aka buɗe a 2008. Shiga filin kansa kyauta ne, kuɗi sai a gidan tarihi da majigi da kuma babban zanen da ake kira Cyclorama. Kar ka yi rowar wannan tikitin. Zane ne da wani Bafaranshe, Paul Philippoteaux, ya kammala a 1884, kewayensa ƙafa 377, tsayinsa ƙafa 42, kana tsaye a tsakiya ya zagaye ka ta ko'ina, an kuma jera duwatsu da karyayyun ƙafafun keken igwa a gabansa har ba ka gane inda abin gaske ya ƙare, fenti ya fara. A teburin ma'aikata ka karɓar wa ƙananan ɗan littafin Junior Ranger, suna cika shi a hanya, a ƙarshe a ba su bajo. Da wannan na sayi zaman lafiyar mota na yini guda.

In aljihu zai ɗauka, ka ɗauki jagora mai lasisi. Tun 1915 ake ba da wannan lasisin, jarrabawarsa kuma mai tsanani ce, ba kowa ke tsallake ta ba. Jagoran zai shiga motarka, shi zai tuƙa, ya zaga da ku awa biyu yana bayani, ku kuna kallo. Ya fi motar bas ta 'yan yawon buɗe ido nesa ba kusa ba, domin yaronka zai iya tsayar da shi ya yi tambaya goma. Ka yi wannan da safiyar ranar farko, sauran lokacin kuma ku koma da ƙafa wuraren da suka ja hankalinku.

Ranar farko ta yaƙin a yamma da arewacin gari aka yi ta. Mahayan Janar John Buford na Arewa suka sauka daga dawakai suka riƙe tudun McPherson har sojojin ƙasa suka iso, a nan aka harbe Janar John Reynolds tun da hantsi. Zuwa la'asar an kora 'yan Arewa ta cikin gari, suka haye tudun makabarta da ke kudu. Wannan ɓangaren ba ya cin lokaci, awa ɗaya da rabi ta isa. Amma a Oak Ridge ka tsaya wajen gunkin bataliya ta 11 ta Pennsylvania, ka zagaya gabansa. A gindinsa akwai siffar wata karya mai suna Sallie, wadda aka samu bayan yaƙin tana gadin matattu da masu raunin bataliyar. Har yau mutane na ajiye mata biskit.

Daga can ka hau hasumiyar da ke kan West Confederate Avenue ka duba gabas. Layin Meade siffar ƙugiyar kamun kifi ce: bakin ƙugiyar a Culp's Hill, lanƙwasarta a tudun makabarta, sandarta ta miƙe kudu har tsaunuka biyun da ake kira Round Top. Tsawonsa kamar mil uku. Lee kuwa dole ya kewaye shi ta waje, layinsa ya kusa ninka wancan, da sojoji da ba su kai na Meade yawa ba. Meade yana iya ɗauko runduna daga wannan gefe ya kai wancan ta gajeriyar hanya a bayan tudu, ba wanda ya gani. Duk wanda ya gane wannan daga saman hasumiya ya gane rabin yaƙin.

Rana ta biyu ita ce mai rikitarwa, kuma ita ce ta fi daɗin zagayawa da yara. Janar Daniel Sickles na rundunar Meade, ɗan siyasa ne da ya sa kaki, ya ga wurin da aka ajiye shi bai yi masa ba, ya ja mutanensa kusan 10,000 gaba zuwa wata gonar 'ya'yan itace, Peach Orchard, ba da izinin kowa ba. Ya bar Little Round Top, ƙaramin cikin tsaunukan nan biyu, a buɗe. Janar Gouverneur Warren ne ya hau tsaunin ya ga ba kowa sai masu ba da sigina, ya aika a kawo ɗauki, suka iso 'yan mintuna kafin 'yan Kudu. Gunkinsa na nan a kan dutse yana kallon kwarin. Ka sauka ta bayan tsaunin zuwa inda bataliya ta 20 ta Maine ta tsaya a ƙarshen layi, inda Kanar Joshua Chamberlain, malamin kwaleji, da harsashi ya ƙare ya sa aka kafa banati aka gangara a guje. Wurin ƙarami ne, zai ba ka mamaki, bai fi filin ƙwallo ba. An rufe tsaunin daga 2022 zuwa 2024 don gyara, yanzu hanyoyin ƙafa sun yi kyau. Ana cikin wannan aikin, a Fabrairun 2023, aka tono harsashin igwa da bai fashe ba, bayan shekara 160. Ka faɗa wa yara: abin da duk suka gani a ƙasa, su bar shi. Ɗaukar ko da maɓallin riga laifi ne a dokar tarayya, balle shiga da na'urar neman ƙarfe.

Shi kuwa Sickles, harsashin igwa ya farfasa masa ƙafar dama kusa da gonar Trostle, inda har yau ramin wani harsashin ke jikin bangon siton. Aka yanke ƙafar, ya aika da ƙasusuwan gidan tarihin likitancin soja, kuma suna nan a Silver Spring, kusa da ku. Shi ne kuma, yana ɗan majalisa, ya kai ƙudurin da ya mai da filin mallakar gwamnatin tarayya a 1895. Mutum ne da ban san ko in yaba masa ko in yi tir da shi ba.

A ƙasan tsaunin akwai Devil's Den, manyan duwatsu da yara ba za su so barinsu ba. Ka bar su su hau, amma idonka a kansu, akwai ramuka, akwai macizai. Nan ne aka ɗauki shahararren hoton sojan Kudu kwance a bayan tarin duwatsu da bindiga jingine. Daga baya masu bincike suka gano cewa masu hoton ne suka ɗauko gawar daga wani wuri suka shirya ta. Babban yaronka zai ji daɗin wannan, tunda zamaninsu na hotunan bogi ne.

Culp's Hill ne wurin da mutane suka fi tsallakewa, kuma ni nan na fi so. Daji ne, shiru, ba motocin bas. Janar George Greene, tsoho mai shekara 62, injiniya, ya tilasta wa mutanensa kimanin 1,400 haƙa ramuka da jera itatuwa alhali wasu na ganin ɓata lokaci ne. Da dare ya yi, waɗannan ramukan ne suka hana a karya bakin ƙugiyar. Ana iya ganin shacinsu har yanzu a gefen hanya.

Sai abin da nake roƙonka kada ka bari ya wuce ku. Da safiyar yini na biyu, kafin rana ta yi zafi, uwargida ta sauke ka da babban yaron a gunkin Virginia, ita ta zagaya da mota ta jira ku a wurin da ake kira The Angle, wata kusurwar katangar duwatsu a layin Meade. Akwai hanyar ƙafa da ake yanke wa ciyawa, ta ratsa gonakin kai tsaye. Wannan ita ce hanyar da sojojin Kudu kimanin 12,500 suka bi da yammacin 3 ga Yuli, bayan igwogi wajen 150 sun yi ta ruwan wuta tun ƙarfe ɗaya, harin da ake jingina wa Janar George Pickett. Nisan bai cika mil ɗaya ba, minti ashirin ne zuwa ashirin da biyar. Da kuka fito daga inuwar bishiyoyi za ka ga ba abin fakewa ko ɗaya. Can gaba ƙasa ta ɗan lotsa, tudun da kuke nufa ya ɓace daga ido, sai ka ji sanyi a rai. Taku kaɗan ka sake hawowa, ga bakunan igwogi suna kallonka. Daga nan sai shingen katako na titin Emmitsburg, wanda dole kowa ya haura, a daidai inda bindigar hannu ke kaiwa. A ranar zafi ya kai digiri 30, su kuma cikin kayan ulu. Lokacin da na yi wannan tafiya da ɗana, surutu yake har muka iso shingen. Ya ɗora hannu a kai, ya dubi katangar duwatsun da ta rage a gaba, bai ƙara cewa uffan ba sai da muka shiga mota. Fiye da rabin waɗanda suka taso ba su koma lafiya ba. 'Yan ɗaruruwa ne suka tsallaka katangar tare da Janar Lewis Armistead, akwai ɗan dutse a inda ya faɗi.

Kana tsaye a nan, ka duba arewa kaɗan, akwai wani ɗan farin gida. Na Abraham Brian ne, baƙar fata ɗa, ba bawa ba, mai gonarsa. Ya kwashe iyalinsa ya gudu kafin yaƙin, domin sojojin Lee suna kama baƙaƙen fata a Pennsylvania suna kora su Kudu cikin bauta. Ya dawo ya tarar da gida duk huda. Wani baƙar fata kuma, Basil Biggs, shi da ma'aikatansa ne suka tono gawawwakin sojojin Arewa daga gonaki aka mai da su sabuwar makabarta, inda sama da 3,500 ke kwance, inda kuma Abraham Lincoln ya yi jawabinsa na minti biyu ranar 19 ga Nuwamba, 1863, bayan babban mai jawabi na ranar, Edward Everett, ya shafe awa biyu yana magana. Bataliyoyin baƙaƙe ba su yi yaƙi a Gettysburg ba, amma in yaro ya tambaya ko akwai namu a yaƙin basasar, akwai: Nicholas Said, haifaffen Kukawa a Borno, ya shiga bataliya ta 55 ta Massachusetts a wannan shekarar ta 1863.

Tunda mun zo nan, ka shirya ranka: a wasu shagunan tsaraba na gari za ka ga tutar Kudu, ɓangaren da ya yi yaƙi don kare bauta, a jikin riguna da kofuna. Gara yara su ji ma'anarta daga bakinka kafin su gani. Da dare kuma gari cike yake da masu yawon neman fatalwa da fitila a hannu. Kasuwanci ne kawai, ka riƙe kuɗinka.

To, kwana. Iri biyu ne. Akwai sansanoni na 'yan kasuwa a kewayen gari: Artillery Ridge a kan titin Taneytown, wanda ke manne da filin har ana hawan doki daga can, da Gettysburg Campground a titin Fairfield bakin rafin Marsh Creek, da KOA, da Drummer Boy, da Granite Hill, da Round Top. Amfaninsu kusanci. Minti biyar zuwa sha biyar kana cikin filin, kuna iya dawowa da azahar ku ci abinci ku huta, yara su faɗa wurin ninkaya. Akwai lantarki, banɗaki mai ruwan zafi, injin wanki, wasu da ƙananan ɗakunan katako in uwargida ba ta yarda da kwanan ƙasa ba. Aibinsu kuwa, an gina su ne don manyan motocin nan masu ɗaki da kicin a ciki. A ɗaya daga cikinsu na taɓa kwana a tanti tsakanin irin waɗannan motoci biyu, na'urar sanyaya ɗakinsu tana gurnani har asuba, maƙwabta kuma suna shagali a bakin wuta. In za ka kama wuri, ka buga waya ka ce kana son ɓangaren masu tanti, mai inuwa, nesa da titi.

Ni zaɓina gandun jiha na Caledonia, kamar mil 15 yamma da gari a kan hanya mai lamba 30, cikin dajin Michaux. Ya fi araha, dogayen bishiyoyi, rafi mai sanyi da yara za su shiga, da wurin ninkaya a lokacin zafi. A gandayen jihar Pennsylvania an hana giya, kuma daga ƙarfe 9 na dare zuwa 8 na safe doka ce a yi shiru, abin da iyali irin namu ke nema ke nan. Wurin ma cikin labarin yake. Masana'antar narkar da ƙarfe ta Thaddeus Stevens, ɗan majalisar da ya fi kowa zafi a kan bauta, a nan take, sojojin Janar Jubal Early na Kudu suka ƙone ta ranar 26 ga Yuni, 1863. Ta wannan hanyar kuma jerin kekunan masu raunin Lee, mai tsawon mil 17, ya bi da daren 4 ga Yuli cikin ruwan sama. Hanyar da za ka bi kowace safiya zuwa gari ita ce da yawan rundunarsa suka bi suna shigowa. Ana kama wuri ta intanet tun watanni 11 kafin lokaci, na ƙarshen mako kuma ba sa daɗewa. In ya cika, akwai Codorus kusa da Hanover mai babban tafki, wanda ya fi kusa da hanyarka ta gida, ko Cunningham Falls da Catoctin a Thurmont ta Maryland, rabin awa kudu a kan hanya mai lamba 15.

Lokacin zuwa: ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ko tsakiyar Satumba zuwa Oktoba. Makon farko na Yuli ka kauce masa, zafi da gumi da cunkoson masu bikin tunawa, bayansa kuma taron 'yan babura. Oktoba ta fi kyau, ganye ya yi ja, yankin kuma ƙasar tuffa ce, amma dare da sanyi sosai, ka zo da barguna fiye da yadda kake zato da abin shimfiɗa mai kauri, don ta ƙasa sanyi ke shiga.

Kada ka zo da itacen wuta daga gida, an hana saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi, a can ake saye. Ka shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin tanti amma kada gefensa ya leƙo waje, in ba haka ba ruwa zai taru a kai ya kwanta ƙarƙashinku. Na koyi wannan da tsakar dare. Abinci da shara duk a kulle a mota, dajin akwai beyar. Nama ka sayo na halal tun daga Baltimore ka zuba a kula da ƙanƙara, a Gettysburg za ka sha wahalar samu. Ka zo da buta da darduma. Alƙibla arewa maso gabas take, a tsakiyar bazara kuma magariba na kaiwa kusan tara saura, isha bayan goma, asuba wajen huɗu, ka tsara barcin yara da wannan.

Abin da ya fi beyar da maciji haɗari shi ne kaska. Pennsylvania na cikin jihohin da cutar Lyme ta fi yawa, kaskar da ke kawo ta kuma ƙarama ce, wata ba ta kai ƙwayar riɗi ba, kuma dogayen ciyayin filin nan gidanta ne. Dogon wando a cusa cikin safa, a fesa maganin ƙwari, a tsaya kan hanyar da aka yanke. Akwai kuma tsiro mai ganye uku-uku da suke kira poison ivy, ƙaiƙayinsa ya fi na ƙarara daɗewa, ka nuna wa yara hotonsa tun a gida. Kowane dare kafin a kwanta, ku haska tocila ku duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu, bayan kunne da cikin gashi. In kun samu ta kama, a sa hantsaki a kama ta daf da fata a ja a hankali, a rubuta ranar, in kuma zazzaɓi ko jan zobe ya fito a wurin cikin makonnin da suka biyo, a tafi asibiti a gaya wa likita inda kuka je.